Rumbun Ƙarƙashin Ƙasa: Na Kankare Ko Wanda Aka Ƙera Aka Gama?

Darasi domin ƙungiyoyin manoma na Maiyama, Jega da Aliero

Darasinmu na wannan wata ya fito ne daga wata gardama da na tarar a taron wata ƙungiya a ƙasar Maiyama. Shekara uku ke nan suna zuba kuɗi a asusu, yanzu kuwa sun tara abin da zai isa su yi wa ƙungiya wurin ajiya. Dattawa suka ce a kira magini ya haƙa rami ya zuba kankare. Samari suka ce a'a, sun ga hoto a waya, Turawa suna sayen ɗaki wanda aka riga aka ƙera da roba, a kawo shi a mota, a binne, rana ɗaya an gama. Suka ce in raba musu gardama. Sai na tambaye su, "Me za ku zuba a ciki?" Waɗansu suka ce albasa, waɗansu suka ce dawa da gero. To, a nan maganar take. Wanda bai san abin da zai ajiye ba, bai isa zaɓen rumbu ba tukuna. Kuɗin gumin mutum talatin ne, in aka binne shi a ramin da bai dace ba, ba za a iya tono shi ba. Saboda haka bari mu bi maganar daki-daki.

1. Don me Turawa suke ajiya a ƙarƙashin ƙasa?

Idan mutum ya haƙa ƙasa ya kai zurfin mita biyu ko uku, zai tarar zafin wurin ba ya canzawa sosai, ko da rani ko da damina. Ƙasa takan riƙe matsakaicin zafin garin na shekara duka. A Ingila, da Holan, da Rasha, da arewacin Amurka, wannan matsakaici bai wuce wajen digiri 10 ba, a waɗansu wurare ma bai kai ba. Watau ƙasarsu kanta firji ce. Shi ya sa suke ajiye dankalin Turawa da karas da kabeji a ɗakin ƙasa har watanni. A shekarar 2015 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Floris Schoonderbeek ya fito da irin ɗakin nan da ake ƙerawa a binne, ya sa masa suna Groundfridge. A can yana riƙe sanyin wajen digiri 10 zuwa 12, ba tare da lantarki ba. Amma ku lura, ba ɗakin ne yake kawo sanyin ba, ƙasar ce.

Mu fa? A nan Jihar Kebbi matsakaicin zafinmu na shekara wajen digiri 28 ne zuwa 29. Kowa ya ɗebi ruwan rijiya da sassafe lokacin hunturu ya sani da ɗumi yake fitowa. Wannan ɗumi shi ne zafin ƙasarmu. Gaskiya ne, a watan Afrilu sa'ad da zafin rana ya wuce digiri 40, cikin rami ya fi waje dama. Amma firji kam ba zai zama ba, ko an zuba kankare, ko an binne roba. Abin da rami zai ba mu iri uku ne: zafi wanda ba ya hawa da sauka, da duhu, da kuma hanyar toshe iska. Sai mu tambaya, wane amfanin gona ne yake bukatar waɗannan?

2. Albasa ba ta son rami

Mun fara da albasa gama ita ce dukiyar wannan yanki. Sunan Aliero ya kai Kudu har ƙasashen maƙwabta saboda ita. Kun kuma san damuwarmu: lokacin cira, daga Fabrairu zuwa Afrilu, kasuwa takan cika har buhu ya faɗi, sa'an nan in damina ta yi nisa kuɗinta ya hau. Waɗanda suka riƙe tasu zuwa ƙarshen 2020, shekarar da albasa ta yi tsada ƙwarai a Najeriya duka, ba su manta ba.

Albasa abu ne mai rai, tana numfashi, tana fid da ruwa a hankali. Abin da take so shi ne busasshiyar iska mai ratsawa. Zafinmu na digiri 25 zuwa 30 ba shi ne maƙiyinta ba, yana ma hana ta tsira da wuri. Maƙiyinta laima ce. In aka zuba ta a rami, ruwan da take fitarwa ba shi da hanyar fita, sai ya kwanta a jikinta, saiwa ta fito, baƙar fumfuna ta kama, ɗaya ta ruɓe ta shafa wa goma. Bangon kankare da bangon roba duka ɗaya ne a wurinta.

Kakanninmu sun gane wannan, shi ya sa suka yi rudu, wanda ake yi da kara da itace da ciyawa, a ɗaga shi daga ƙasa iska tana shiga ta ko'ina. Manoman Galmi a Jamhuriyar Nijar, waɗanda albasarsu ta yi suna a Afirka ta Yamma, su ma rudu suka gada. Ƙungiyar da albasa ce a gabanta, ta sa kuɗinta wajen gyara rudu:

(a) A ɗaga daɓensa kamar ƙafa biyu daga ƙasa. A nan ne siminti yake da amfani: a zuba ginshiƙai na kankare domin gara da ruwa.

(b) Kada a yi shi da faɗi. Gara dogo siriri, domin iska ta kai tsakiya.

(c) Rufi ya zarce bango sosai saboda feshin ruwan sama. In kwano ne, a shimfiɗa ciyawa ko zana a kansa ko ƙarƙashinsa, don kada ya gasa ta.

(d) A daina ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bari ganye ya kwanta, wuya ya bushe sarai kafin a zuba. Wadda ta ji rauni da mai kaurin wuya a kai su kasuwa, ba na ajiya ba ne. Yawan takin yuriya a ƙarshen noma yana sa albasa ta ƙi ajiyuwa.

(e) A riƙa dubawa kowane mako biyu ana tsince ruɓaɓɓu.

Tumatir da tattasai ma ba na rami ba ne. Domin 'yan kwanaki, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Da rani take aiki, lokacin da iska ta bushe.

3. Hatsi ne yake son rami

Dawa da gero da masara da wake, in sun bushe sarai, labarinsu dabam ne. Su ba iska suke so ba. In aka cika wuri da hatsi aka toshe shi ƙam, ƙwarin da ke ciki da hatsin kansa za su shaƙe iskar da ta rage, su mai da ita gurɓatacciya. Cikin 'yan makonni ƙwarin su mutu, da su da ƙwayayensu, ba tare da an sa magani ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Mutanen Barno sun daɗe suna binne hatsi a rami, haka ma a Sudan, inda ake kiran ramin matmura. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, ƙasar Ajantina ta rasa hanyar fid da hatsinta ta teku, sai ta gina manyan ramuka na siminti ta toshe, hatsi ya yi shekaru a ciki.

Sharaɗi biyu ne: hatsi ya shiga a bushe, ruwa da iska kuma kada su bi shi. Danshin hatsin ajiya kada ya wuce kashi 12 ko 13 cikin 100. Ga yadda za ku gwada a gida: ku sami busasshiyar kwalba, ku zuba hatsi da cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe, ku rufe ku girgiza. In gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mai da shi shanya.

To, yanzu ne tambayar dattawa da samari ta sami wurin zama. Domin hatsi, wanne ya fi?

4. Ramin kankare

Bari mu yi lissafi da rami mai mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, mita biyu zurfi. Zai ɗauki kamar buhu 55 na dawa, buhu mai kilo 100. In kaurin bango da daɓe da rufi inci shida ne, zai ci siminti wajen buhu 25 zuwa 30, ban da rodi da yashi da tsakuwa da katakon zubi da ladan magini.

Amfaninsa: kayan aikin duka ana samu a Jega ko Birnin Kebbi. 'Yan ƙungiya za su iya yin haƙa da ɗebo yashi da ruwa ta hanyar gayya, kuɗi ya ragu. Ana yinsa daidai girman bukata. Yana da nauyi, yana jure wa matsin ƙasa, gara da ɓera da gafiya ba sa huda shi, wuta ba ta cinsa. In ya tsage, maginin garinku zai gyara. In an yi shi da kyau, 'ya'yanku ma za su ci moriyarsa.

Wahalarsa: kankare yana shan ruwa. Ko bai tsage ba, laimar ƙasa takan ratsa shi a hankali, hatsin da ke jingine da bango ya yi baƙi ya dunƙule. Kuma ingancinsa yana hannun wanda ya kwaɓa shi. In za ku yi, ku tsaya a kan waɗannan:

(a) Kwaɓi: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi mai tsabta, huɗu na tsakuwa. Kada a cika ruwa domin sauƙin zubi, yawan ruwa yana raunana shi.

(b) A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe. A sa rodi a bango da rufi.

(c) A riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe shi da buhuna ko ciyawa. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa.

(d) A yi filasta ciki da waje, a shafe bayan bango da kwalta sau biyu kafin a mai da ƙasa. Kwalta a waje take, kada ta taɓa abinci.

(e) A bar shi a buɗe ya bushe sarai. Wanda aka gina a Janairu ko Fabrairu, aka kare shi daga ruwan damina, shi zai karɓi hatsin kaka. Kada a zuba hatsi a sabon gini.

(f) Baki ya ɗago sama da ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi, a tara ƙasa ta gangara daga gare shi, a yi rumfa a kai. Lokacin zubi a jera leda a jikin bango daga ciki.

5. Wanda aka ƙera aka gama

Na ainihi, irin wanda samarinmu suka gani a hoto, ana ƙera shi da roba mai kauri ko zaren gilashi, da haƙarƙari a jikinsa domin ya jure wa ƙasa, da tsani da bututun iska. Amfaninsa a fili yake: ruwa ba ya ratsa jikinsa, yana da sauƙin wankewa, ana sa shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ingancinsa kuma ba ya dogara ga magini. Amma an yi shi ne domin kayan lambu a ƙasar sanyi. Bututun iskan nan da yake taimakon dankali a can, shi ne zai hana ƙwarin hatsi mutuwa a nan, sai an toshe shi. Ga kuɗin saye da na ɗauko shi daga nesa, dukansu a biya lokaci ɗaya. In kuma ya fashe, wa zai liƙe shi a Maiyama?

Abin da na fi jin tsoro shi ne, da mutum ya ji kuɗin na ainihi, sai ya ce, "Ai ga tankin ruwa na roba a kasuwa, mu binne shi." 'Yan'uwa, araha ba ta ado. An ƙera tankin nan ne ya zauna a sarari, ruwa yana tura bangonsa daga ciki. In aka binne shi, ƙasa ce za ta tura daga waje, musamman laka mai kumbura in ta sha ruwa. Da zarar an kwashe abin da ke ciki sai ya lotse.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda ya shafi na ainihi da tankin ruwa duka. Ku tura rufaffiyar jarka wadda ba kome a ciki cikin kogi, ku ga ko za ta nutse. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 5,000, wanda zai ɗauki kamar buhu 35 na dawa, in ruwan ƙasa ya kewaye shi, za a tura shi sama da ƙarfin da ya kai nauyin buhun siminti 100. Yaushe ruwan ƙasa yake tasowa? Agusta da Satumba. Yaushe rumbu yake zama wofi? Agusta da Satumba, sa'ad da aka fid da hatsi domin ci da sayarwa. Kun ga lokutan biyu sun haɗu. Shi ya sa masu ƙera na ainihi suke cewa a zuba daɓen kankare a ƙasan rami a ɗaure shi a kai. Ashe ko ka sayi wanda aka gama, ba ka rabu da siminti ba. Ku sa wannan a lissafi.

6. Wuri ya fi kayan gini muhimmanci

Ƙasarmu iri biyu ce, tudu da fadama. Kusa da Gulbin Zamfara, wanda ya bi ta Jega, da sauran fadamunmu, ruwa yana kusa. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi ta nuna mana inda ruwa yake iya kaiwa. A irin wannan wuri kada a yi rami ko kaɗan, ko na kankare ko na roba.

Kafin ku sayi ko buhu ɗaya na siminti, ku yi wannan gwaji. A wurin da kuka zaɓa, ku haƙa ɗan rami wanda ya fi zurfin rumbun da mita ɗaya, ku rufe bakinsa saboda yara da dabbobi da ruwan sama, ku riƙa leƙawa har ƙarshen Satumba. In ruwa ya tsattsafo, ku bar wurin. Ku duba rijiyoyin da ke kusa a ƙarshen damina, ku kuma tambayi tsofaffi inda ruwa ya taɓa kwanciya. A nisanci masai da manyan itatuwa, gama saiwa tana fasa gini. Jinkirin damina ɗaya ya fi hasarar ajiyar shekara uku.

7. Gargaɗi: rami yana kisa

Iskar da ta kashe ƙwari tana kashe mutum. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana kuma kwanciya a ƙasan rami. Wanda ya shiga yakan faɗi ba tare da ya yi ihu ba, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Saboda haka in an buɗe, a bar shi a buɗe yini guda. A zura fitila mai wuta da igiya har ƙasa. In ta mutu ko ta yi rauni, kada kowa ya shiga. Ko ta ci gaba da ci, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu ƙarfafa suna riƙe da ita a sama. Kada a aiki yaro. Kada a jefa ƙwayar maganin hatsi mai fid da guba a ramin da mutum zai shiga. Murfi kuwa kullum da kwaɗo.

8. Shawarata

Ga abin da na gaya wa 'yan'uwanmu na ƙungiyar nan, shi nake gaya muku.

In albasa ce, ku bar maganar rami, ku gyara rudu.

In hatsi ne mai yawa, filin na ƙungiya ne da shaida a rubuce, a kan tudu yake, ya kuma ci gwajin damina, to, ku yi na kankare, ku tsaya a kan magini da idonku.

In hatsin bai kai buhu ashirin ko talatin ba, ko filin aro ne, ko kuna kusa da fadama, ba ku bukatar rami. Ku toshe iska a sarari. Akwai buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007 domin wake. Akwai duro da jarka masu murfi mai kamawa, muddin ba a taɓa zuba guba ko man fetur a ciki ba. Tankin ruwan ma zai yi, in an ajiye shi a ɗaki ko inuwa a kan dandamali, an cika shi, an liƙe murfi da bakin famfo. Binnewa ce kawai ba ya so.

Abu na ƙarshe ya shafi zumunci. Ramin hatsi ba rumbun tuwon yau da gobe ba ne. Duk buɗewa tana shigar da sabuwar iska. Tilas ƙungiya ta yarda tun ranar zubi a kan ranar buɗewa, magatakarda ya rubuta buhun kowa a gaban shaidu, kwaɗo biyu, mabuɗi a hannun mutum biyu. Ku kuma yanke tun da wuri abin da za a yi wa ɗan'uwan da rashin lafiya ko yunwa ta same shi kafin ranar, domin kada rumbun da aka gina don taimako ya zama sanadin rabuwa. Irin shuka kuwa kowa ya ajiye nasa dabam a gida.

Masu neman ƙarin bayani su tuntuɓi malamin gona na yankinsu, ko sashen aikin gona na jami'ar da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Najeriya, mai hedkwata a Ilori da reshe a Kano.

Tambayoyi domin tattaunawa a taronku

1. Wane amfanin gona ne ya fi lalacewa a hannunmu bara, mene ne kuma ya lalata shi: laima, ko ƙwari, ko ɓera, ko sayarwa da wuri?

2. A ƙarshen damina, ƙafa nawa ne daga bakin rijiyarmu zuwa ruwa?

3. Ku aiki mutum biyu kasuwa su tambayo kuɗin siminti buhu 30 da rodi da ladan magini, da kuɗin buhun PICS guda 55. Wanne asusunmu zai iya ɗauka ba tare da bashi ba?

4. Su wa za su riƙe mabuɗi, kuma me za mu yi in ɗayanmu ya shiga matsala kafin ranar buɗewa?

Ku aiko mana da abin da kuka yanke, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya ba mu damina mai albarka. Amin.